Yadda Ake Sayar da Tsohuwar Fijo da Gyaranta Ya Tsaya a Rabi

A bayan garejojin da ke gefen titin Kano zuwa Daura a cikin Kazaure, da lungunan Roni da Gwiwa da Ɓaɓura, ba wuya ka tarar da tsohuwar Fijo a ɗore kan bulo a gindin darbejiya. An sauke injinta, an kankare fentin gefe ɗaya, ƙofa guda tana jingine da katanga, kujerun suna ɗakin mai ita, kaji kuma sun mai da wurin zaman direba akurki. Mai motar ya fara aikin ne da zuciya ɗaya, wataƙila don motar mahaifinsa ce, wataƙila don ya ga akori-kura za ta ciyar da gida, sai kuɗi suka yanke ko hidima ta sha kansa. Idan ranar rabuwa da ita ta zo, shawarar da na fi tsayawa a kai ita ce a sayar da motar yadda take, a buɗe, aikin da aka yi yana bayyane, wanda ya rage kuma an faɗe shi dalla-dalla. Duk kuɗin da za a ƙara zubawa don ta yi kama da wadda aka gama, asara ce a kan asara, kuma yakan kori mai sayen da ya fi kowa sanin darajarta.

Kafin a shiga yadda za a yi, ya kamata mai motar ya san dalilin da ya sa har yau take da kasuwa. A Ingila akwai al'adar sayen mota a wargaje cikin akwatuna mutum ya haɗa ta da hannunsa a gida, kamar Lotus Seven da ta fito a 1957, wadda kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta a 1973, kuma a can kasuwar irin waɗannan motoci da aka fara haɗawa ba a gama ba sananniya ce. Mu nan abin da ya fi kusa da wannan shi ne Fijo, domin ita ma a da a wargaje take zuwa daga Faransa a haɗa ta a masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975. A shekarun farko har ta jirgin sama ake ɗauko kayan daga Liyon a sauke a Kano. Samfurin 504 ya fito a 1968, ya ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, Faransa ta daina ƙera salun ɗinsa a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa shi har 2006. Wannan tsawon zamani ne ya bar mana abu biyu masu amfani ga mai sayarwa: tarin kayan gyara a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna, da kuma tsofaffin makanikai da za su iya kwance injin 504 su mayar ko da an rufe musu ido. Mota ce ta kafireta da waya ƙalilan, ba kwamfuta a cikinta, saboda haka wanda zai karɓi aikin daga inda ka tsaya ba ya jin tsoron abin da ba ya gani. Abin da yake tsoro shi ne abin da aka ɓoye masa.

Aiki na farko ba a jikin motar yake ba, a takardunta yake. A nemo takardar mallaka da tsohon lasin da rasidin saye, a tafi da su gaban motar, a goge ƙura da baƙin mai daga inda aka buga lambar casis da lambar injin, a karanta harafi bayan harafi a ga ko sun dace da abin da ke rubuce. Motocin wannan yanki da aka yi wa rajista kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, takardun Jihar Kano suke ɗauke da su, wannan kuwa ba aibi ba ne, sai dai a shirya bayaninsa. Inda matsala take ita ce idan an taɓa sauya injin ba a ajiye rasidin wanda aka sa ba, ko takardun sun ɓace gaba ɗaya. A nan sai an yi rantsuwar kotu an kai rahoto ga 'yan sanda kafin a kira kowa ya zo tayi. Idan motar ta gado ce, kuma da yawansu na gado ne, kada wanda take hannunsa ya ɗauka tsawon zamanta a ƙofar gidansa ya mai da ita tasa. Sai an raba gado ta faɗo a rabonsa, ko kuwa duk magada, har da mata da waɗanda suke aure a wasu garuruwa, sun yarda a rubuce. Haka nan a zauna da makanikin da take garejinsa a yi lissafi: nawa yake bin ka na aiki, nawa ka ba shi na kayan da bai sayo ba, yana neman kuɗin ajiya ko ba ya nema. Ba abin da ke ɓata ciniki kamar a ce an sallama, an kawo janwe, sai mai gareji ya tsaya a gaban mota ya ce ba ta fita sai an biya shi.

Daga nan sai tattara kaya, kuma wannan ne wurin da mafi yawan masu irin wannan mota suke yin sakaci. Motar da ta shekara uku a wargaje ba a wuri ɗaya take ba. Kan injin yana wurin mai wanke shi a Kano, lagireto yana wurin mai walda, kik da altaneta suna shagon rewaya, fitilu suna saman sif a ɗaki, notoci kuma suna cikin gwangwanin madara da ba wanda ya tuna inda aka ajiye. A gareji ana aron kaya daga jikin motar da ke zaune don a tayar da wadda ke sauri, da niyyar a mayar, sau da yawa kuma ba a mayarwa. A bi kowane ɗaya a karɓo, a shimfiɗa tamfol a ƙasa, a jera su kashi-kashi, na injin daban, na birki daban, na lantarki daban, na cikin mota daban. A zuba ƙananan a leda ko buhun taki, a rubuta a jiki abin da ke ciki. Sannan a ɗauki littafin makaranta a raba shafi uku: abin da aka gyara da wanda ya gyara shi, sabon kayan da aka saya ba a ɗaura ba tare da rasidinsu, da abin da babu shi sam. Shafi na ukun nan shi ne mai wuyar rubutawa, shi ne kuma wanda mai saye zai fi yarda da kai saboda shi. Ƙananan abubuwa irin su gilashin fitilar baya, hannun ƙofa na asali, tambarin zaki da ƙarafan ado na gefe sun fi fistin da ringi wuyar samu yau, don haka a lura da su sosai.

Akwai ɗan kuɗin da ya cancanci a kashe, amma kaɗan ne. A wanke motar ciki da waje, a kwashe kashin ɓera da ganyen da ya taru a ƙasan gilashi, a sa mata tayoyin da za su riƙe iska ko da na hannu ne, a saki birkin da ya kama, domin motar da za a iya turawa ta fi wadda sai an ɗaga sauƙin sayarwa. Idan injin yana ciki kuma abin da ya hana shi tashi bai wuce batir da fulogi da wanke kafireta ba, to a tayar da shi, amma da tsari: a zubar da tsohon fetur da ya lalace a tanki, a sauya baƙin mai, a cire fulogi a ɗiga ɗan mai a kowane rami, a juya injin da sifana kafin a taɓa makulli. Jin ƙarar injin na minti biyar yana kawar da shakkar da bayanin awa guda ba zai kawar ba. Idan kuwa injin a ƙasa yake a buɗe, a bar shi a buɗe, a shafe shi da mai, a rufe da leda saboda ƙurar hunturu, mai saye ya zo ya ga karanshaf da silif da idonsa. Haɗa shi cikin gaggawa da tsohon gaskit don kawai a ce yana tashi, gyaran gangar Abzinawa ne.

Za a ce ai ido ke sayen mota, fenti kuwa shi ne abin da ido ke fara gani, me zai hana a watsa mata sabon fenti ta ɗauki hankali? Wannan magana tana da gaskiya a kan motar da ke tafiya, wadda mai son shiga yau zai saya. Amma wanda ke sayen aikin da bai ƙare ba mutum ne na daban, kuma abin da ya fi nema shi ne ya ga ƙarfe. Salun ɗin 504 ba ta da casis da ke zaman kansa, bodin ne ke ɗauke da nauyin komai, saboda haka tsatsa a daɓen mota, da ƙasan ƙofofi, da wurin da shokazoba ta gaba take ɗaurewa, ita ce ke raba motar da za ta rayu da wadda ta mutu. Wanda ya san aiki zai zo da maganaɗisu ya bi jikin motar, duk inda ya ƙi kamawa ya san fila ce fanalbita ya cusa. Da ya samu wuri ɗaya a ƙarƙashin sabon fenti, sai ya ɗauka ko'ina haka yake, ya rage tayinsa fiye da kuɗin fentin. Abin takaicin shi ne motocin wannan yanki suna da wata falala da fenti ke binnewa: ƙasarmu busasshiya ce, damina gajera, babu iskar gishirin teku irin ta Legas ko Fatakwal, don haka Fijon da ta yi rayuwarta tsakanin Kazaure da Daura sau da yawa daɓenta lafiya lau yake. Wanda Allah ya ba wannan, ɗaga kafet zai yi ya nuna, ba rufewa ba.

Wasu kuma za su ce a daure a ƙarasa aikin, tunda motar da ke tafiya ta ninka wadda ke zaune a farashi. Haka ne, ta ninka, amma tambayar ita ce nawa za a kashe kafin a kai can, kuma wa zai kashe. Abin da ya tsayar da aikin shekara biyu da suka wuce bai gushe ba, ƙaruwa ma ya yi, tunda aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kayan gyara da kuɗin zuwa Kano duk suka tashi. Ƙarshen gyaran tsohuwar mota shi ne mafi cin kuɗi, domin a nan ƙananan abubuwa suke fitowa ɗaya bayan ɗaya: robar gilashi, wayoyin da ɓera ya ci, famfon birki, ɗinkin kujeru, sabunta takardu. Makanikin da zai saye ta aikin hannunsa kyauta ne a gare shi, kuma ya san inda zai samo kowane abu da araha, kai kuwa kowane noti sai ka biya wani ya ɗaura. Ma'ana, aikin da ya rage ya fi arha a hannunsa fiye da naka, wannan bambancin kuwa shi ne dalilin da ya sa ciniki zai amfani ku duka. Inda na yarda a ƙarasa shi ne idan abin da ya rage bai wuce aikin mako guda ba kuma kayan suna hannu.

Wajen sa farashi ne zuciya take shiga, kuma dole a lallashe ta. Abin da ka kashe ba shi ne kuɗin motar ba. Mai saye bai aike ka ba. Akwai ƙasa akwai sama, farashin gaskiya yana tsakaninsu. Ƙasan shi ne abin da 'yan gwangwan za su biya idan sun auna ta a kilo, mota ce mai nauyin tan ɗaya da 'yan kai, a ƙara da kuɗin manyan kayan da za a iya cirewa a sayar. Saman kuma shi ne kuɗin irinta mai tafiya da cikakkun takardu, wanda za a sani ta hanyar tambayar dillalai biyu ko uku abin da aka sallama kwanan nan, ba abin da ake faɗa da baki ba. Daga wannan sama sai a cire kuɗin ƙarasa aikin, kamar yadda wani makaniki da ba naka ba ya ƙiyasta, sannan a sake cire wani abu saboda kasadar da mai saye ya ɗauka na abin da zai ɓullo daga baya. A ƙaddara, don misali kawai, mai tafiya tana naira miliyan biyu, ƙarasawa zai ci dubu ɗari takwas, to wanda ya taya miliyan ɗaya bai zage ka ba, ko da kuwa kai ka riga ka kashe miliyan ɗaya da rabi. Sababbin kayan da ba a ɗaura ba, masu rasidi, a yi musu lissafi daban, domin su kaɗai ne za a iya mayarwa kasuwa kusan a kuɗinsu.

Nan ne wani zai ce to ai gara a farke ta a sayar ɗaya-ɗaya, jimlar ta fi yawa. A takarda hakan yakan fito, kuma idan bodin ya ruɓe ko takardu sun gagara samuwa, ita ce hanyar da ta rage. Amma a sani cewa injin da giyabos da aksul na baya za su tafi cikin mako biyu, sauran kuwa za su zauna maka shekaru, kowane mai saye yana zuwa da rana tsaka don abin dubu biyu, ga zirga-zirgar Ƙofar Ruwa inda 'yan kasuwa za su saya a farashin sari. Wanda ba sana'arsa ba ce yakan ƙare da gangar jiki a ƙofar gida da ba mai so sai mai sikeli. Ni dai ina ganin hasara ce a yanka motar da ƙarfenta ke da lafiya, domin ba a ƙara yin wata, kuma kowace aka farke ta tafi ke nan.

Masu sayen irin wannan mota ba su da yawa, don haka neman su ake yi, ba jira ba. Akori-kura tana da masu so a cikin direbobin da ke ɗaukar gero da gyaɗa da riɗi daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau, ko da yake ƙananan motocin Hijet masu ƙarancin shan mai sun ƙwace wani ɓangare na wannan aiki. Su abin da ya dame su shi ne sifirin da aksul da ƙarfin injin, ba kyau ba. Salun mai tsabta kuwa ta fi tsada a wurin masu sha'awar tsofaffin motoci a Kano da Kaduna da Abuja, waɗanda ke neman komai na asali, kuma su ne za su fi jin haushin fenti. A Ɓaɓura, da yake iyaka na kusa, ana iya samun mai saye daga wajen Magarya ko Damagaram, amma a yi ciniki a gida, a miƙa takardu, batun ƙetare iyaka da kwastan ya zama nasa. Hoto na taimakawa ƙwarai idan an ɗauka da safe, an nuna ƙasan mota da cikin but da kayan a shimfiɗe, da gajeren bidiyon injin yana aiki, a tura ta WhatsApp ga makanikan Fijo. Idan za a sa dillali, a yanke la'adarsa tun farko a gaban shaida, a kuma hana shi faɗin abin da ba ya cikin littafin nan mai shafi uku.

Game da faɗin aibi, ba dabarar kasuwa kaɗai ba ce, wajibi ne. Hadisin da Muslim ya ruwaito na mai abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙarƙashin busasshe sananne ne, malaman Malikiyya kuma, kamar yadda yake a Mukhtasar na Khalil, sun ɗora wa mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani a fayyace, ba a dunƙule ba. Cewa "ga ta nan yadda ka gan ta" ba ya wanke wanda ya san kan injin ya tsage an yi masa walda, kuma mai saye yana da damar mayar da kaya idan tsohon aibin da aka ɓoye ya bayyana. Masu cewa faɗin gaskiya yana karya farashi sun manta cewa mai saye ya riga ya cire kuɗin abin da yake zargi tun kafin ya buɗe baki. Idan ka ce masa, "Alhaji, giya ta uku tana fita, daɓen gefen direba an sauya shi, kan injin kuma ga rasidin wanda ya wanke shi," ka mai da babban zargi ƙaramin lissafi. Ka bar shi ya zo da makanikinsa ya shiga ƙarƙashinta da tocila, ya ɗauki lokacin da yake so.

Idan an taya ka ce albarka, an ƙara har ka sallama, a rubuta takardar sayarwa nan take: sunan mai sayarwa da mai saye, lambar mota da ta casis da ta injin, kuɗin da aka biya, jerin kayan da aka haɗa da waɗanda babu, aibobin da aka faɗa, kwanan wata, da sa hannun shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi. Kafin alƙalami a ɗauke shi ɓangare na kuɗin mota, a kuma yarda za a mayar idan ciniki ya warware, domin Imam Malik ya hana cinye shi. Biya kaɗan-kaɗan a kan motar da ke wargaje rigima ce, tunda da zarar an kwashe kaya ba a iya mayar da su yadda suke, saboda haka kada noti ɗaya ya fita sai kuɗi sun cika, kuma a duba asusun banki da kai, kada a dogara da saƙon shigar kuɗi da aka nuna maka a waya. A sa ranar da mai saye zai mai da takardu sunansa a ofishin rajistar motoci, domin muddin suna sunanka, duk abin da aka yi da motar kai za a nema. Ranar ɗauka kuma a ƙirga buhunan kaya ɗaya-ɗaya a gaban shaidu ana duba littafi, a ɗaure ƙofar da ke kwance a cikin mota da igiya, a cusa injin tsakanin tsofaffin tayoyi don kada ya mirgina, sannan a miƙa makulli da takardun asali a hannun mai saye kafin janwe ya tashi.